Girman Gona, Ruwan Sama Da Irin Ƙasa A Harkar Noman Jihar Gombe

GOMBE: Kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, manyan motoci sukan yi jerin gwano a kasuwar Tudun Hatsi ta birnin Gombe, suna lodin masara da wake da dawa zuwa Kano da Jos da garuruwan kudancin ƙasar nan. Farashin da ake yankewa a wannan kasuwa, da kuma kasuwannin Kumo da Kuri da Bajoga da Dukku, yana da asali tun watanni shida baya, cikin abubuwa uku: girman gonar da ke hannun manomi, yadda damina ta rarraba ruwanta, da kuma irin ƙasar da iri ya faɗa ciki. Ɗan kasuwar da ke ba da bashin taki don a biya shi da hatsi, da mai injin casar shinkafa, da manajan bankin da ke duba takardar neman rance, dukkansu jarinsu yana rataye ne a kan waɗannan abubuwa, ko sun lura ko ba su lura ba.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tana da ƙananan hukumomi 11, faɗinta kuma bai wuce murabba'in kilomita 20,000 da ɗoriya kaɗan ba bisa lissafi mafi yawa. Kogin Gongola ya zagaye ta ta arewa da gabas kafin ya gangara ya haɗu da Binuwai a Numan. Duk da ƙanƙantar jihar, manomin Nafada da na Kaltungo ba damina ɗaya suke yi ba, ba kuma ƙasa ɗaya suke huɗa ba.

A birnin Gombe, matsakaicin ruwan sama na shekara wajen milimita 900 ne. Yana raguwa idan an nufi arewa wajen Dukku da Nafada, yana kuma ƙaruwa zuwa 1,000 ko fiye a tsaunukan kudu. Ga wanda bai saba da wannan ma'auni ba, milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya daidai yake da lita 10,000. Watau a shekara mai matsakaicin ruwa, lita miliyan 9 ke zuba a kan kowace hekta. Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, masara tana buƙatar milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna, dawa 450 zuwa 650, auduga kuwa daga 700 zuwa sama. A takarda ke nan, ruwan Gombe ya wadaci dukkansu.

Matsalar tana wurin rabon. Mafi yawan ruwan yana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba, musamman cikin marka a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi, sai ragowar ya kwarare zuwa rafuka. Farkon damina kuwa ba shi da tabbas. Ruwa kan zuba cikin Mayu, manoma su fita shuka, sa'an nan ya ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a koma sayen iri karo na biyu. Haka nan ƙarshenta: idan ruwa ya yanke cikin Satumba, dawa mai nauyi da ke da ciki da audugar da ba ta gama ƙulla 'ya'ya ba su ne za su fara nunawa. Kwanaki goma na ƙamfar ruwa a daidai lokacin da masara ke goyo sun fi ɓarna a kan rashin milimita 100 a jimlar shekara. Saboda haka adadin ruwan shekara kaɗai ba ya gaya wa mai saye yadda kaka za ta kasance. Dattawan yankin ba su manta da farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba, sa'ad da damina ta gaza a duk faɗin Arewa. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tare da ranakun da ake sa ran farawarta da ƙarewarta, kuma waɗannan ranaku sun fi amfani ga mai sayar da iri da taki fiye da jimlar milimitocin.

Abin da ke faruwa da ruwan bayan ya sauka, ƙasa ce ke yanke shi, kuma a nan ne Gombe ta bambanta da yawancin jihohin Arewa. A wurare masu faɗi na Yamaltu/Deba da Akko da Funakaye da Balanga akwai baƙar laka, wadda masana ke kira baƙar ƙasar auduga. Asalinta tsohon taɓo ne da ya kwanta a lokacin da teku ta malale wannan kwari, miliyoyin shekaru da suka shige. Masu ilmin duwatsu sun sa wa wannan shimfiɗa sunan garin Pindiga, kuma daga cikinta ne ake haƙo farar ƙasar da masana'antar siminti ta Ashaka ke sarrafawa tun 1979.

Baƙar laka tana da halinta. Da rani takan bushe ta tsage, har mutum ya iya zura hannunsa cikin tsaguwar. Da zarar ta sha ruwa sai ta kumbura, ta rufe, ta yi danƙo ta kama ƙafa da garma. Tsakanin taurin rani da danƙon marka akwai 'yan kwanaki kaɗan da take yarda a huɗe ta, kuma wanda ya rasa shanu ko tarakta cikin waɗannan kwanaki ya yi asarar rabin daminarsa. Amfaninta shi ne riƙon ruwa da ƙarfin abinci. Shukar da ke kanta tana iya jure yankewar ruwa ta makonni, tana kuma ci gaba da shan laima bayan damina ta wuce, abin da ya sa auduga da dawa suke son ta. Aibinta kuwa kwanciyar ruwa ne a shekara mai yawan marka, inda saiwar masara kan ruɓe, ganye ya yi rawaya. Injiniyoyin hanya su ma sun san ta, don ita ce ke tsaga kwalta da harsashin gini.

A kan wannan ƙasa aka gina arzikin Gombe na zamani. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a 1804 tana da hedkwata ne a Gombe Abba. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sa'an nan zuwa Gombe Doma a 1919, kusa da dazuzzukan kudu masu baƙar ƙasa waɗanda ba su da yawan jama'a a lokacin. Manoma daga ƙasashen Kano da Barno da sauran wurare suka yi ta kwararowa suna sassabe. Kamfanin auduga na BCGA ya buɗe injin gurza a Gombe a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Wata mai bincike 'yar Ingila, Mary Tiffen, wadda ta wallafa littafi a 1976 a kan tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968, ta nuna cewa ƙananan manoma ne da kansu suka ja wannan bunƙasa, suna sayen shanun huɗa suna faɗaɗa gonaki da zarar hanya da kasuwa sun samu. Garmar shanu ce ta ba mutum ɗaya ikon sarrafa hektoci da yawa na laka wadda fartanya ba za ta iya da ita ba.

Zamanin auduga ya ja baya. An rushe hukumomin ciniki na amfanin gona a 1986, ciki har da ta auduga, tabbacin farashi da rabon iri suka tafi da su, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo. Sunan BCGA ya rage a matsayin sunan unguwa a Gombe. Masara ce ta gaje gonakin, kuma hanyarta an share ta ne tun 1975, lokacin da Bankin Duniya ya tallafa wa shirye-shiryen raya aikin gona guda uku na farko a Nijeriya, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Shirin ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da ingantaccen iri. Sai dai masara maciyar taki ce. Ma'aunin da aka saba ba manoman wannan shiyya shi ne wajen buhu 8 na NPK da kusan buhu 3 na yuriya a hekta ɗaya, ko da yake kaɗan ne ke iya cika shi. Tun da masara ta zama babban amfanin gona, farashin taki ya zama rabin labarin kowace damina.

Yamma da arewa maso yammacin jihar labari ne daban. Dukku da Kwami da wani sashe na Akko suna zaune ne a kan shimfiɗar yashi mai kauri da ake kira Kere-Kere. Ƙasa ce mai sauƙin huɗa, ruwan farko ya isa a yi shuka, amma ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa ƙwarai, a wasu wuraren sai an haƙa fiye da mita 100, don haka ƙauyuka da dama suka dogara ga tafkuna, noman rani kuwa babu zancensa. Gero da wake da gyaɗa da riɗi da gurjiya su ne amfanin wannan yanki. Wanda ya zuba takin zamani gaba ɗaya a jigawa irin wannan, marka za ta wanke masa shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, shi ya sa malaman gona ke cewa a raba shi kashi biyu ko uku. Inda ƙasa ta gaji, ƙuduji ne ke fara ba da labari. A wannan shiyya ce kuma makiyayar Wawa-Zange take, mai faɗin fiye da hekta 140,000, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar nan. Dā can akwai tsohuwar yarjejeniya: makiyayi ya zaunar da shanunsa a gona bayan kaka, su ci kara su bar taki. Yanzu kara da harawa sun zama kayan sayarwa, gonaki sun ci burtali, kuma takin da ake samu kyauta ya koma abin saye.

A tsaunukan kudu, mutanen Tula da Waja sun daɗe da sanin jera duwatsu a gangare su yi matakala don tare ƙasa da ruwa. Birnin Gombe shi kansa bai yi irin wannan tanadi ba. Yana cikin kwari ne a ƙarƙashin tudun yashi, kuma da aka sare itatuwa aka cika tudun da gine-gine, ruwa ya yanka kwazazzabai masu cin gidaje da gonaki. Ambaliyar Agustan 2004 ta yi ɓarna mai yawa a birnin. Shirin dashen itatuwa da gwamnatin jihar ta fara a 2019 da ayyukan gyaran kwaruruka da Bankin Duniya ke tallafawa duk a kan wannan matsala suke.

Baƙar ƙasar auduga ba a Gombe kaɗai take ba. Mafi shaharar irinta tana ƙasar Indiya, a jihohin Maharashtra da Gujarat, inda ƙananan manoma ke noma auduga da dawa da ruwan sama da garmar shanu, kamar dai manomin Deba. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad kuma take da reshe a Kano, ta gwada wata dabara ta sarrafa wannan ƙasa: a yi faffaɗar kunya da magudana a tsakani tun da rani, a binne iri gab da saukar ruwa, ta yadda marka za ta sami hanyar fita, a kuma sami damar shuka ta biyu da laimar da ta rage. Dabarar ta ƙara amfani a gonakin gwaji, amma ba ta yaɗu yadda aka zata ba, saboda tsadar kayan aiki da kuma ƙanƙantar gonaki, tun da magudanar ruwa ba ta tsayawa a iyakar gonar mutum ɗaya.

Abin da Indiya ta fi Nijeriya da shi a fili shi ne sanin abin da ke hannun manomanta. Tun 1970 zuwa 1971 take ƙidayar gonaki duk bayan shekara biyar. Daga wannan ƙidaya aka san cewa matsakaicin girman gona ya sauko daga hekta 2.28 a wancan lokaci zuwa hekta 1.08 a 2015 zuwa 2016, kuma kashi 86 cikin ɗari na masu gona ba su kai hekta 2 ba. A 2015 ta fara ba manoma katin gwajin ƙasa, mai nuna abin da kowace gona ke buƙata. Nijeriya kuwa, bayan ƙidayar aikin gona ta 1993 zuwa 1994, ba ta sake yin wata ba sai 2022, wadda ta gano gidaje miliyan 40.2 masu harkar noma. Kusan shekara talatin ke nan ana tsara rabon taki da rance bisa kintace.

Ko ba a ƙidaya ba, lissafin Gombe a bayyane yake. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba jihar mutum miliyan 2.36, faɗinta kuma hekta miliyan 2 ne ko ƙasa da haka. Tun a wancan lokaci rabon kowane mutum bai kai hekta ɗaya ba, alhali cikin lissafin akwai duwatsu da garuruwa da makiyaya da ruwan madatsu. Dajin da baƙi suka sassabe a zamanin auduga ya ƙare, barin gona ta huta a matsayin saura ya zama tarihi a yawancin ƙauyuka, gado kuma yana ci gaba da aikinsa. Alal misali, a ɗauki magidanci mai gandu na hekta 8 da ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 4 da mata 2. Matar za ta ɗauki tumuni, watau hekta 1. Sauran 7 za a kasa su kashi 10, kowane namiji ya sami hekta 1.4, kowace mace 0.7. Gandun da dā ke ciyar da bijimai biyu na huɗa ya zama gonaki bakwai, babu ɗaya cikinsu da za ta iya ɗaukar nauyin garma ita kaɗai. Daga nan sana'ar hayar shanu da tarakta ta samo kasuwarta, kuma daga nan ne jinkirin huɗa ke zuwa, don kowa yana neman garma cikin mako guda.

Akwai wani abu da masu kiran a haɗe gonaki wuri ɗaya kan manta. Manomin da ke da yanki a jigawa, wani a laka, wani ɗan kaɗan a fadama, ya raba ƙafa ne da gangan. Shekarar da ruwa ya yi yawa jigawa za ta fid da shi, shekarar da ya yi ƙaranci laka za ta rufa masa asiri. Wannan ce inshorar da ya sani tun kafin a kafa shirin inshorar aikin gona na ƙasa a 1987, kuma mai ba da bashi da ya tambayi inda gonakin suke, ba jimlar girmansu kaɗai ba, ya fi sanin haɗarin da ya ɗauka.

Ban da gado, ana riƙe gona ta hanyar saye da aro da jingina da haya, da kuma noma-mu-raba. Kowace hanya tana da tasiri a kan ƙasa. Mai haya na shekara ɗaya ba zai kai takin gargajiya gona ba, tun da amfaninsa yana kaiwa shekara biyu ko uku, kuma babu tabbacin shi zai ci. Zai zuba yuriya ya kwashe abin da ya samu. Mai aro ba a yarda ya dasa itace ba, don kada ya zama hujjar mallaka. Da yake ma'aikata da 'yan kasuwar birni suna ƙara shiga noma ta hanyar haya, yawan gonakin da ake ci ba a ciyar da su yana ƙaruwa. A gefen birni kuma, inda ƙaramar hukumar Gombe ba ta wuce murabba'in kilomita 52 ba, gari ya tsallaka cikin Akko ta wajen Tumfure, gonaki sun koma fulotai, don kuɗin fuloti ɗaya ya fi ribar noman shekaru masu yawa.

Ta fuskar shari'a, tun dokar ƙasa ta 1910 da ta 1962 ƙasar Arewa take ƙarƙashin ikon hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Jinginar da ƙasa ga banki sai da yardar hukuma. A aikace, shaidar mafi yawan manoma ita ce mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka, shaidar da ke da ƙarfi a ƙauye amma ba ta shiga fayil ɗin banki. Asusun lamunin rancen noma da aka kafa a 1977, wanda ke ɗaukar nauyin har kashi 75 cikin ɗari na bashin da ya maƙale, an yi shi ne don toshe wannan giɓi, amma har yanzu ɗan kasuwar hatsi mai ba da bashi da bazara ya fi banki kusa da mai hekta ɗaya. Jihar ta kafa hukumar rajistar filaye ta zamani, GOGIS, sai dai aikinta ya fi ƙarfi a filayen birni.

Hanya ɗaya da ƙaramar gona ke zama babba ita ce a noma ta sau biyu ko uku a shekara. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka gina a kan Gongola cikin shekarun 1980, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, tana riƙe ruwa wajen kubik mita biliyan 2.8. Daga gare ta birnin ke shan ruwa, tana kuma da tashar lantarki mai megawat 40. Amma shekaru da dama magudanan ban-ruwanta ba su kai ko kusa da filin da aka tsara ba, har sai da aka sa ta cikin shirin gyaran madatsu da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Madatsar Balanga ita ma ta daɗe ba a ci moriyarta yadda ya kamata ba. Yawancin shinkafa da tumatir da albasa da tattasai da ke fitowa ta Dadin Kowa da Kwadon da gaɓar Gongola, ƙananan injinan ban-ruwa ne ke shayar da su, irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun farkon shekarun 1990. Waɗannan injina fetur suke sha, kuma tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ban-ruwa ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da manomin rani ke kashewa. Wasu sun juya injinansu zuwa iskar gas, masu hali kuma suna sayen famfo mai aiki da hasken rana, wanda kuɗinsa na farko ya fi ƙarfin mai rabin hekta sai dai in ya haɗa kai da maƙwabtansa na gona.